Tsaunin Mambila da Kurmin da Ke Shayar da Binuwai

(Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan a sassauta shi.)

  Yau, da yardar Allah, za mu nufi kudu maso gabashin jihar Taraba, can inda ƙasar Nijeriya ta yi iyaka da Kamaru, mu yi magana a kan tsaunin Mambila, da kurmin da ke maƙale a gefensa, da ruwayen da ke tsirgowa daga duwatsunsa. Za mu faɗi yadda ake zuwa, da abin da ake tararwa, da shirin da ya wajaba a kan mai niyyar hawa. Daga ƙarshe kuma mu bayyana abin da ya haɗa wannan wuri mai nisa da masuncin Ibi da manomin Makurɗi, waɗanda galibinsu ba su taɓa taka shi ba.

Al'adar hawa kan tudu domin neman sanyi da hutawa, a irin tsarin da aka san ta da shi yanzu, Turawan mulkin mallaka ne suka yaɗa ta. Sa'ad da Ingilishi suka mallaki ƙasar Indiya, suka ga zafin bazararta da zazzaɓinta suna kayar musu da sojoji da ma'aikata, sai suka shiga gina garuruwa a bisa duwatsu, irin su Simla da Darjilin, har ta kai a shekarar 1864 suka mai da Simla mazaunin gwamnati na lokacin zafi, ana kwashe akawuna da takardu a hau da su kowace shekara. Jamusawa ma haka suka yi a Kamaru, suka ɗauke hedkwatarsu daga Duwala a 1901 suka kai ta Buya, a jikin Dutsen Kamaru; mu kuwa nan Arewa Jos ce ta sami wannan matsayi. Amma Mambila, ko da yake ta fi Jos tsawo da sanyi, nisanta da wuyar hanyarta sun sa ba a yi mata irin wannan gini ba, sai ta zauna a hannun mutanenta, manoma da makiyaya, ba ta zama garin baƙi ba.

Ƙasar kanta tana cikin yankin da Jamus ta riƙe har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, bayansa aka danƙa wa Ingila riƙonta bisa amana. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi zama tare da Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna domin girmama Sir Ahmadu Bello. Wannan suna kuwa shi ne ƙaramar hukumar da ke bisa tsaunin take amsawa har yau, da hedkwatarta a Gembu, cikin jihar Taraba da aka cire daga Gongola a 1991. Mambilawa ne asalin mazauna, tare da Kaka da Fulani da Hausawa 'yan kasuwa da wasu ƙabilu, kuma wanda ya iya Hausa ko Fulatanci ba zai rasa abokin magana ba a kowace kasuwa.

Sanyin Mambila ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tsarin da Allah ya gudanar da iska a kansa, domin masana sun auna sun tabbatar cewa duk sa'ad da mutum ya hau mita 1,000 sama, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas, saboda iskar sama ba ta da nauyin da ke danne ta kamar ta ƙasa, sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. To, tsaunin Mambila, a matsakaicin lissafi, ya kai mita 1,600 bisa fuskar teku, watau ya ɗara Jos da wajen mita 400. Shi ya sa da wuya zafin rana a can ya wuce digiri 25, alhali a watan Afrilu mutanen Yola da Maiduguri suna fama da 40 ko fiye. Har a murhu ma akan ga alamar an hau tudu, domin ruwa a can yakan tafasa a wajen digiri 95 maimakon 100, sai uwargida ta ga wake ya daɗe bai nuna ba.

Wannan dalili ɗin dai shi ne asalin yawan ruwan samanta. Iskar damina da ke tasowa daga tekun Atlantika ɗauke da laima, idan ta iso ta ci karo da bangon dutse, ba ta da mafita face ta hau. In ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi laimar ta dunƙule ta zama gajimare, gajimaren kuma ya zubar da abin da ke cikinsa. Saboda haka ne ruwan da ke sauka a Mambila cikin shekara yakan haura milimita 1,800, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, damina kuma takan kama tun wajen Afrilu, ba ta ɗauke ba sai ƙarshen Oktoba. A riƙe wannan lissafi, domin da shi za mu fahimci sauran zancen.

Mai zuwa daga Arewa, ko ta Gombe ya biyo ko ta Yola, Jalingo zai fara sauka, daga nan ya kama hanyar kudu ta Bali zuwa Serti, sa'an nan Mayo Selbe, wadda ke gindin tsaunin. Nan ne tafiya ke sake kama, domin hanya takan shiga murɗawa tana nannaɗe jikin dutse, bango a hannu ɗaya, kwazazzabo mai zurfi a ɗayan, mota tana nishi a ƙaramin giya, kunne yana toshewa yana buɗewa, har a ɓulla Maisamari, a wuce Nguroje, a isa Gembu. Tafiya ce ta yini guda cur daga Jalingo, kuma mai hankali yakan duba birki da taya tun a ƙasa, ya yi sammako domin hawan ya same shi da rana, ya kuma nemi direban da ya san kwanonin hanyar, ba wanda zai koya da rayukan fasinja ba.

Wanda ya hau yana tsammanin ya tarar da duhuwar daji, sai ya ga akasin haka: tuddai ne masu laushin gani, lulluɓe da gajeriyar ciyawa, ɗaya na bin ɗaya har iyakar ganin ido, garkunan shanu a warwatse a kansu, da layukan itacen zaiti da aka daddasa domin katako da makamashi. Fulani sun hau da dabbobinsu ne a cikin ƙarni na 20, saboda ciyawa ba ta yankewa, kuma tsando, ƙudan nan mai sa wa shanu sammore, ba ya jure wannan sanyi. A Kakara kuwa akwai gonakin ganyen shayi da masana'antar sarrafa shi, inda Highland Tea ke fitowa, sai mutum ya ga da idonsa yadda ake tsinko toho da hannu, a bar shi ya yi yaushi, a murje, a shanya, kafin ya iso teburin mai shayi a Kano ko Damagaram. Ana kuma noman masara da ayaba da dankalin Turawa da fiya, abin da zai nuna wa baƙo cewa ƙasar da ya zo yawon shan iska a cikinta, ga wasu gona ce da makiyaya da gidan gado.

Kurmin da muke magana a kansa ba a tsakiyar tudun yake ba, a gefen gangare yake, da cikin kwaruruka, da bakin rafuka, inda wuta da gatari ba su cika kaiwa ba. Mafi shahara daga cikinsa shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, tafiyar ƙasa ta kimanin sa'a guda daga bakin titi, wanda hukuma ta keɓe a shekarar 1969. Faɗin wurin da aka keɓe ya kai murabba'in kilomita 46, amma ainihin rufaffen kurmin bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan ba, sauran ciyawa ce. Ga shi kuwa irin wannan kurmi na kan tsauni ya yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma. Mai shigarsa, da zarar ya baro hasken fili, sai ya ji iska ta sauya, ƙasa ta yi taushi da ruɓaɓɓen ganye, itatuwa sun miƙe sun haɗa kai a sama, gansakuka ta rufe sassansu, igiyoyin daji suna reto, rana ba ta isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. A bakin kurmin akwai tashar bincike inda masana daga jami'o'in Nijeriya da na ƙasar New Zealand ke aiki tare da samarin ƙauyukan da ke kewaye, suna ƙidayar itatuwa, suna renon irinsu, suna nazarin yadda birai da tsuntsaye ke cin 'ya'yan itace su kai ƙwallon wani wuri ya tsira. Daga wannan bincike aka ƙara fahimtar cewa wanda ya harbe biri a kurmi, ya rage mai shuka ne.

A arewa da tsaunin kuma akwai gandun daji na ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Nijeriya, ofishinsa kuma yana Serti. Akwai ɓauna a cikinsa, da damisa, da gwanki, da mazo, da dorina a kogin Kam, da birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, da tsuntsaye fiye da iri 500. A ƙauyen Gashaka kuma har yanzu ana ganin kufan ganuwar da sojojin Jamus suka bari. A cikin wannan gandu ne wasu masana biyu na Jami'ar St Andrews ta Sikotilan, Kate Arnold da Klaus Zuberbühler, suka yi nazarin kukan wani biri mai farin hanci, suka bayyana a 2006 cewa namijin yana da kuka iri biyu da yake gargaɗi da su, amma idan ya jera su bisa wani tsari, sai ma'anar ta koma kiran garke da a tashi a ci gaba da tafiya. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da kowace halitta abin da za ta rayu da shi. A gefen gandun, kan iyakar Kamaru, dutsen Gangirwal yake, wanda ake kuma kira Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, ƙololuwar da babu wadda ta fi ta a duk faɗin Nijeriya.

Sai kuma matsirgar ruwa, wadda ke jan baƙi da yawa. Da yawa daga cikinmu sun san Matsirga ta kusa da Kafancan, ko Assop a hanyar Jos, ko Gurara a jihar Neja. A Mambila akwai Barup a yankin Gembu, da wasu masu yawa da sai ɗan gari ne zai kai ka. Yadda take samuwa kuwa shi ne, rafi yana gudu a kan dutse mai tauri, sai ya iso inda taurin ya ƙare, ko inda tudu ya yanke. Ruwa ya yi ta cin mai laushin yana barin mai taurin, har a sami gaɓa mai tsawo da zai riƙa faɗowa daga kanta. Ƙarfin faɗowar, tare da tsakuwar da yake juyawa, shi ke haƙa tafki mai zurfi a ƙasa, yana kuma rarake gindin gaɓar sannu a hankali, har leɓenta ya karye ya faɗa, matsirgar ta ja da baya. Wanda ya tsaya gaban irin wannan wuri, yana kallon aikin da ruwa ya yi dubban shekaru yana yi ne, kuma bai gama ba.

Amma fa wajibi ne mu yi gargaɗi, domin wurin da ya fi kyau shi ne ya fi haɗari. Duwatsun da feshin ruwa ke jiƙawa kullum suna da santsin gansakuka, kuma da yawa daga masu zamewa suna neman wurin ɗaukar hoto ne da waya, ido a kan gilashi, ƙafa a bakin gaɓa. Tafkin da ke ƙasa ya fi yadda ake zato zurfi da sanyi, ruwansa kuma juyawa yake yi, yana jan abin da ya faɗa ciki zuwa ƙarƙashin mazubar, har gwanin iyo yakan rasa yadda zai yi. Sa'an nan ruwan sama yana iya sauka a can saman tudu inda ba ka gani, kai kana cikin rana, sai rafi ya cika cikin ɗan lokaci. Saboda haka in ka ga ruwa ya soma yin ja, ko yana kawo ganyaye da karmami, ko ƙararsa ta ƙaru, to ka hau tudu nan take, kada ka tsaya tattara kaya. A kwarurukan ƙasa kuma akwai wani ƙaramin baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu, wanda yawan cizonsa ke kawo cutar ƙaiƙayi da makanta, sai a sa riga mai dogon hannu da dogon wando.

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Jama'a, ga wanda bai kama mu da wuri ba, muna magana ne a kan ziyarar tsaunin Mambila da kurminsa. Yanzu sai batun lokaci da guzuri.

Damina da rani kowanne da abin da yake bayarwa da abin da yake hanawa. Daga Agusta zuwa Oktoba matsirga takan cika ta batse, tuddai su yi kore shar, amma hanya takan lalace, rafuka su hana ƙetarewa, gajimare ya rufe dutse har mutum ya kasa ganin wanda ke gabansa. Daga Janairu zuwa Maris kuwa turba a bushe take, sai dai ruwa ya ja baya, hazo da hayaƙin ƙunar daji sun dushe nesa. Saboda haka mafi dacewa shi ne Nuwamba da farkon Disamba, lokacin da sama ta ɗauke, ƙasa ta soma tsanewa, ruwa kuwa bai riga ya ragu ba.

Game da hawan kansa, sharaɗi na farko shi ne izini da ja-gora. Mai shiga gandun Gashaka-Gumti sai ya bi ta ofishinsu a Serti, ya biya abin da aka yanka, a haɗa shi da ma'aikacin gandu. Mai zuwa Ngel Nyaki ko wata matsirga kuma ya nemi ɗan gari, ya kuma tambayi hukuma da mutanen wurin halin tsaron hanya kafin ya taso, domin wurin kan iyaka ne, kuma al'amura sukan sauya. Hawan Gangirwal ta cikin gandu tafiyar kwanaki ce da 'yan dako da kwana a tanti, ta wajen Nguroje da Njawai kuwa ya fi kusa, amma ko ta ina aka bi ba aikin wanda bai saba tafiyar ƙasa ba ne; wanda ya yi niyya, ya soma horar da ƙafarsa tun makonni kafin ranar, mai ciwon zuciya ko asma ko hawan jini kuma ya shawarci likita. A tanadi takalmi mai kama ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da rigar sanyi, da rigar ruwa, da bargo, da tocila, da sanda, da garin rogo ko ƙuli-ƙuli ko dabino ko kilishi, a kuma tafasa ruwan sha kome kyan ganinsa, domin shanu suna sha a sama. A sani cewa jiƙaƙƙen tufafi da iskar tsauni, in suka haɗu a kan mutumin da ya gaji, suna iya zuƙe ɗumin jikinsa har ya soma makyarkyata da ruɗewar magana. Maganinsa a sauya masa busasshen kaya, a lulluɓe shi, a ba shi abu mai ɗumi. In hadari ya taso, a sauka daga ƙololuwa, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, saboda tsawa. Saurin ayari kuma saurin mafi rauni ne a cikinsa, ba a barin kowa a baya.

Musulmin da ya yi wannan tafiya, shari'a ta yi masa sauƙi ta kuma ɗora masa ladabi. A mazhabar Malikiyya, wanda tafiyarsa ta halal ta kai mil 48, watau wajen kilomita 80, yana yin ƙasaru, ya mai da salla mai raka'a huɗu biyu, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Wanda kuma ya ji tsoron ruwan sanyi zai cutar da shi, bai sami abin ɗumama shi ba, an yi masa rangwamen taimama. Ya kamata a lura da alƙibla tun rana tana bayyane, domin in gajimare ya sauko gabas da yamma sukan rikice. Sunna ce kuma matafiya, in sun kai uku, su shugabantar da ɗayansu, hikimar wannan kuwa ba ta bayyana sosai sai a mararrabar turba, sa'ad da kowa ke ganin tasa ce daidai. Malamai sun daɗe suna kwaɗaitar da tafiya cikin ƙasa domin i'itibari, watau mutum ya dubi halitta ya tuna Mahalicci. Wanda ya hau tsauni da wannan niyya, ya haɗa lafiyar jiki da ladan tafakkuri, wanda kuwa ya hau da amsa-kuwwa da hayaniya, ya kori tsuntsayen da ya zo gani, ya koma gida da gajiya kawai.

Haka kuma baƙo ya tuna cewa turbar da yake bi ta ratsa gonar wani, ta bi ta bakin rugar wani. Ya yi sallama, ya gai da mai gari ko arɗo kafin ya kafa tanti, kada ya ɗauki hoton mutum, balle mace, sai da yardarsa, kada ya tsinki ayaba ko fiya don ya ga ba kowa, ya biya ja-gora da ɗan dako haƙƙinsu cikakke ba tare da ja-in-ja ba, ya kuma sayi madara da zuma da ganyen shayi a hannun masu su, domin mutanen da suka ga amfanin kurmi a aljihunsu sun fi kowa tsare shi. Leda da gwangwani da robar ruwa, duk abin da ya hau da shi ya sauko da shi. Addini ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, hanin nan kuwa ya fi ƙarfi a kan tsauni, inda kowane rafi mafarin ruwan shan wani gari ne.

Wannan ya kawo mu ga jigon zancenmu na yau. Ruwan nan mai yawa da muka ce yana sauka a cikin wata bakwai, da a kan fako yake zuba, da sai ya kwarara gaba ɗaya ya yi ambaliya, ya kwashe ƙasa, rani na shigowa kuma kome ya ƙafe. Kurmi ne ke hana haka: ganye ya tare ƙarfin ɗigo, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa ya tsotse, saiwa ta buɗe masa hanya ya nutse, sa'an nan ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa har tsakiyar bazara. Kurmin kan tsauni randa ce da ake cikawa da damina a sha da rani. Daga Mambila kogin Donga ya samo asali, daga duwatsun Gashaka kuma rafukan da ke cika kogin Taraba suke gangarowa, dukansu biyu suna zuba a Binuwai, Binuwai ta wuce Ibi da Makurɗi ta haɗu da Kwara a Lokoja. Ashe ke nan ruwan da baƙo ya tsaya yana sha'awa a matsirga, shi ne bayan kwanaki masunci zai jefa taru a cikinsa, mai noman rani ya ja shi da inji zuwa shinkafarsa.

To, wannan kurmi yana fuskantar ɓarna ta fuskoki da dama. Wutar da ake cinna wa ciyawa kowane rani domin sabon toho takan lashi bakinsa, ta kashe ƙananan itatuwa, shekara bisa shekara yana tsukewa. Shanu in sun yi yawa sukan tattake gaɓar rafi. Mafarauta suna rage dabbobin da ke yaɗa iri. A ƙasan tsaunin kuma, cikin shekarun da suka biyo bayan 2010, an yi wa itacen madobiya, wanda 'yan katako ke kira madrid, saran da ba a taɓa gani ba, ana lodinsa zuwa ƙasar Sin, har ta kai a 2017 aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Ba mu faɗi wannan domin zargin makiyayi ko manomi ba, kowa abincinsa yake nema. Sai dai itacen da ya yi shekara ɗari yana girma, injin yanka yakan kayar da shi kafin a gama shan shayi, wanda ya sare shi ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, asarar kuwa a raba ta ga mutanen da ba su san an yi cinikin ba.

Keɓe wuri domin maslahar jama'a ba baƙon abu ba ne a gare mu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, sarakunanmu na da kuma sun san hurumi da burtali, sun hukunta wanda ya keta su. Gandun daji na zamani ci gaban wannan ƙa'ida ne, ma'aikacinsa kuma mai tsaron amanar jama'a ne, ya cancanci a taimake shi, ba a yi masa kallon mai hana ruwa gudu ba. Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin matasa, da magidantan da Allah ya hore wa, su sa wannan ziyara cikin shirinsu, su kai yara su ga inda kogi ke farawa, domin gani ya kori ji, kuma yaron da ya san daga ina ruwa ke zuwa, in ya girma ya zama hakimi ko ɗan majalisa ko mai ba da lasisin katako, zai san nauyin abin da yake sa wa hannu.

Jama'a, nan za mu dakata, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani, musamman 'yan'uwanmu na Gembu da Serti da Nguroje waɗanda suka fi mu sanin ƙasarsu, ƙofa a buɗe take, su aiko mana. Allah ya kai matafiya lafiya ya komo da su lafiya, ya ba mu ikon riƙe amanar da ya danƙa mana.  

(Kiɗan rufe shiri.)